Fasfon Zulfa a Takardar Ƙosai

Idan ka sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Abbasiya ka tambayi gidan Kulu, da wuya ka samu mai nuna maka. Amma ka ce Ummu Zaid, 'yar Najeriya mai ƙatuwar jaka, to daga mai sayar da lemo har mai gadin bene kowa zai miƙa hannu ya nuna maka lungun. Ta fi shekara ashirin a Alƙahira, kuma a cikin shekarun nan babu wanda ya taɓa ganinta tana tafiya a hankali.

'Yar Funtuwa ce. Tana budurwa ta samu gurbin karatu ta zo, da niyyar ta koma gida malama. Karatun ta yi shi daidai gwargwado, sai dai Larabcin littafi bai taɓa zama a bakinta kamar yadda Larabcin kasuwa ya zauna ba. Ƙawayenta suna haddar nahawu, ita kuwa tana bakin titi tana ciniki da mai tumatir har sai ya rantse cewa a unguwarsu aka haife ta. A nan ta haɗu da Malam Harun, mutumin Gumel, mai sanyin magana da son littafi. Suka yi aure, suka haifi Zaid da ƙannensa, zaman da aka ce na shekara huɗu ne ya zama na rayuwa. Malam Harun yana gyara wa ɗalibai rubutun digirinsu, yana kuma yi wa wata maɗaba'a fassara. Duk kuɗin da ya shigo hannunsa sai wani abu daga ciki ya zama littafi.

Sana'ar Kulu kuwa ita ta zo ta same ta. Goggon wata ƙawarta ce ta zo aikin ido, likita yana ta bayani, tsohuwa tana ta gyaɗa kai alhali ko kalma ɗaya ba ta ji. Kulu ta raka ta, ta fassara, ta yi faɗa da direban tasi a madadinta, ta dama mata kunun gyaɗa da ta ƙi cin abincin asibiti. Goggo ta koma Katsina idonta tangaran, kuma duk gidan bikin da ta shiga sai ta bar lambar Kulu a can. Kafin shekara ta zagayo, wayar Kulu ba ta hutawa. Masu ciwon gwiwa, masu neman haihuwa, masu ciwon ƙoda, duk ita ke tarbo su a filin jirgi, ta nema musu gidan haya, ta kai su wurin likita, ta riƙe musu hannu a ƙofar ɗakin tiyata tana yi musu hira har tsoro ya sake su.

A Masar kuwa ba a yin komai sai da sura, wato kwafin fasfo. Mai gida yana son sura, asibiti yana son sura, ɗakin gwajin jini yana so, mai sayar da layin waya yana so, ofishin biza yana son biyu. Kulu ta gaji da komawa shagon kwafi, don haka duk baƙon da ya sauka sai ta buga masa da yawa lokaci guda. Abin da ya rage idan an gama, ta jefa shi a wani tsohon kwalin taliya da ke saman kabad ɗin falo. Ba ta taɓa zama ta yi tunanin kwalin nan ba. A ganinta takardu ne kawai da wataƙila wata rana za a sake nema.

A wata bazara ce Hajiya Fatu ta zo daga Kano a yi mata aikin gwiwa. 'Yarta Zulfa, ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, can take da aure da 'ya'ya, ta ɗauki hutu ta taho Alƙahira don ta yi jinyar uwarta. Kulu ta kama musu gida a hawa na farko, kusa da nata. Mai gidan ya ce fasfo kaɗai bai ishe shi ba, Zulfa ta ƙara masa da lasisin tuƙinta, aka buga su a takarda ɗaya. Aikin ya yi kyau. Hajiya ta fara takawa da sanda daga gado zuwa taga, tana yi wa masu wucewa a titi sharhi ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya Kulu ta biya wurin Ammu Munzir, mai suyar ɗa'amiyya a bakin lungunsu. Ɗa'amiyya ƙosan Masar ne, da wake da ganye ake yin sa, kuma Hajiya ta ce in ba shi ba babu abin ƙasar nan da ke shiga bakinta. Ammu Munzir ya kwaso masu zafi ya naɗe a takarda kamar yadda ya saba, domin a can ma, kamar a gida, tsofaffin takardu ake naɗe suya da su. Kulu ta saka a leda ta hau bene.

Hajiya ce ta buɗe ƙunshin. Ta ɗauki ƙosai ɗaya ta kai baki, sai ta tsaya, ta matso da takardar kusa da idonta.

Ta ce, "Kulu, miƙo mini tabarau. Wannan yarinyar da mai ya jiƙa wa goshi kamar na san ta."

Zulfa ta leƙo daga kicin da butar shayi a hannu. Ta dubi takardar, ta ajiye butar a hankali. Fuskarta ce. Ga sunanta cikakke, ga ranar haihuwarta, ga lambar fasfo, ga lasisin tuƙi a ƙasa ɗauke da adireshin gidanta na Amurka. A gefe kuma ga lambar wayarta da rubutun hannun Kulu.

Kulu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta san yadda aka yi takardar ta kai ga kaskon Ammu Munzir ba, amma rubutunta ba ya ɓoyuwa. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, Zulfa ta riga ta.

"Anti Kulu, zauna tukuna. Abin da ya faru ya faru. Bari in rufe ƙofa kafin mu nemi ta inda ɓera ya shigo."

Ta ɗauko wayarta ta zauna a bakin gado. Kulu ta zaci 'yan sanda za ta kira, ko ofishin jakadanci. Sai ta ga tana ta danne-danne kawai, hankalinta kwance.

Hajiya ta ce, "Ke kuma me kike yi?"

"Sunana nake kullewa, Mama."

"Suna kuma ana kulle shi?"

Zulfa ta yi musu bayani tana aikinta. Ta ce a can inda take akwai wasu manyan kamfanoni uku da ke ajiye tarihin bashin kowa, wanda ya ci ya biya da wanda ya ci ya gudu. Banki ko shagon mota ba ya ba mutum bashi sai ya leƙa wurinsu ya ga halinsa. To ɓarawon zamani ba ya fasa gida. Sunanka yake nema, da ranar haihuwa, da adireshi, ya haɗa da abin da ya tsinto a wani wurin, ya je ya karɓi kaya da sunanka. Kai kana gida kana barci, sai takardar biya ta iso.

Ta ce, "Amma idan na gaya wa kamfanonin nan su kulle tarihina, duk wanda ya je neman sabon bashi da sunana, bankin zai leƙa ya tarar a rufe, sai ya ce masa a'a. Ko ni ce da kaina, sai na buɗe tukuna. Kuma kyauta ne. Wahalarsa ɗaya, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya."

Hajiya ta tauna ƙosanta tana nazari. Can ta ce, "Wato yanzu ko ke ba za ki iya cin bashin ruwa ba?"

"Sai na buɗe."

"To kada ki buɗe. Ki jefa makullin a kogin Nilu. Da na san akwai wannan, da tun ranar da kika tafi na sa an kulle."

Zulfa ta yi dariya har ta danna ba daidai ba, ta sake daga farko. Kafin shayi ya huce ta gama da duka ukun. Ita dai Kulu ba ta iya dariyar ba. Zulfa ta kulle nata, to sauran mutanen fa? Ta tuna Alhazawa da Hajiyoyin da suka bi ta hannunta shekara da shekaru, kowanne da fuskarsa a cikin kwalin taliya.

Ta sauka da sauri ta koma wurin Ammu Munzir. Ta ɗaga tarin takardun da ke gefen kaskonsa, sai ga mutanenta: wani Alhaji na Gusau, wata malamar makaranta daga Azare, har da ita Kulun kanta a tsohon fasfonta. Ammu Munzir ya riƙe baki.

Ya ce, "Ma'alish, ki yi haƙuri, ya Ummu Zaid. Wallahi ni ba na duba abin da ke jiki, nauyi kawai nake saya. Wurin mai bikiya na karɓa."

Mai bikiya shi ne mai bin unguwa da amalanke yana kiran a kawo tsofaffin kaya, kamar 'yan gwangwan na gida. Ammu Munzir ya tattara takardun duka ya zuba mata a jaka, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce ranar zai naɗe wa mutane da jarida.

Da ta shiga gida, idonta ya fara sauka a saman kabad. Babu kwali. A wurinsa wasu manyan littattafai ne masu jan bango, an jera su reras. Malam Harun yana zaune a ƙasa yana gyaran rubutun wani ɗalibi.

Ta ce, "Malam, ina kwalin da ke can sama?"

Ya ɗago da fara'a, don yana jiran a yaba masa. "Kin gani ko? Sharhin nan ne da na daɗe ina nema, na samu a rumfunan tsofaffin littattafai. Na rasa inda zan sa shi, sai na ga kwalin tsofaffin takardunki yana cin wuri, na ba mai bikiya ranar Juma'a. Falon ma har ya fi haske."

Kulu ta zaro takardar Zulfa mai maiƙo ta ɗora masa a kan aikinsa. Ya duba, ya cire tabarau, ya mayar. Ta gaya masa inda aka same ta da abin da Zulfa ta ce ana iya yi da ita. Malam Harun ya ce, "Innalillahi. Amanar mutane na sayar da kuɗin barkono."

Ta so ta yi faɗa, amma ta ga ba shi kaɗai ke da laifi ba. Ita ta tara, ita ta ajiye a buɗe, kuma ba ta taɓa ce masa ga abin da ke ciki ba. Ta ce, "Ni na ɗora tukunya, kai ka hura wuta. Sa takalminka, Malam. Yalla, mu tafi."

Abbasiya ta sha kallo a makon nan. Sun samu mai bikiya a bayan tashar bas, ya ce takardun ya raba su ga masu suya da masu gashi, ya lissafo waɗanda ya tuna. Kulu a gaba da jakarta, Malam Harun a baya da farar jallabiya, suna bin mai gasa dankalin Hausa, da mai gyaɗa, da mai 'ya'yan kabewa, suna roƙon a bar su su duba takardun naɗi. Kunya ba ta barin Malam ya bar rumfa hannu wofi, don haka duk inda suka tsaya sai ya sayi wani abu. Yaran gidan suka ci gasasshen dankali har suka fara roƙon a koma tuwo. Wata mai gyaɗa ta ɗauka jami'an gwamnati ne ta kusa gudu ta bar tirenta, sai da Kulu ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani da Larabcin unguwa. Daga ƙarshe matar ta shiga taya su tambayar maƙwabtanta.

Sun samo da yawa, amma ba duka ba. Wasu an riga an naɗe an tafi da su, kuma babu mai iya bin kwandon sharar Alƙahira. Wannan ne ya sa Kulu ta yi abin da ya fi mata nauyi. Ta zauna da wayarta ta bi mutanenta ɗaya bayan ɗaya, ta gaya wa kowa gaskiya: kwafin fasfonka ya fita daga hannuna, mai yiwuwa babu abin da zai biyo baya, amma ka sa ido a asusunka, kuma duk wanda ya kira ka ya karanto maka sunanka da ranar haihuwarka ya ce daga banki yake, kada ka ba shi wata lamba, ka kashe ka je bankin da ƙafarka.

Ta yi zaton za a zage ta. Wata Hajiya ɗaya ce kawai ta yi fushi sosai, ta ce ba za ta ƙara turo kowa ba, kuma ta cika alkawari. Sauran yawanci godiya suka yi. Alhajin Gusau ya yi ta dariya a waya, ya ce, "Hajiya Kulu, duk wanda ya saci sunana ya saci wahala. Ki ce masa akwai iyali goma sha da ke jiran cefane, ya zo ya karɓa har da su." Amma bayan wata biyu shi ne ya kira ta, ya ce wani ya bugo masa da muryar ma'aikata yana neman lambar da aka turo masa a waya, ya tuna maganarta ya kashe. Ko daga takardarta ne, ko daga wani wurin, babu wanda ya sani.

Da ta gama da na mutane, ta juya kan nata. Ta je kamfanin wayarta a Wusɗul Balad, tsakiyar birnin, ta ce a duba layukan da ke kan fasfonta. Aka samu wani da ba ta sani ba, wanda aka buɗe tun kafin maganar kwali ma. Ta sa aka rufe shi nan take. Daga can ta wuce bankinta, ta zauna a gaban wata ma'aikaciya mai suna Samah, ta ce mata ta zo a kulle mata suna kamar yadda ake yi a Amurka. Samah ta yi murmushi ta ce ita ba ta da irin wannan makullin a teburinta, amma akwai ƙananan sakata da za ta iya sa mata. Ta rufe wa katinta sayayya ta intanet sai ranar da ta buƙata, ta kunna mata saƙon da zai shigo waya duk lokacin da aka taɓa asusun, ta kuma nuna mata yadda za ta riƙa neman rahoton bashin da ke kan sunanta lokaci zuwa lokaci. Kulu ta fito tana cewa sakata uku ma ai sun fi ƙofa a buɗe.

Hajiya Fatu ta warke, ta hau jirgi da ƙafafunta. Kafin su tafi, Zulfa ta sayo wa Kulu ƙaramin injin yanka takarda, irin wanda ke mayar da ita kamar taliya. Malam Harun ne ya karɓi aikin injin, ya ce kaffararsa ce. Bayan wasu watanni Zulfa ta kira daga can tana dariya. Motarta ta lalace, ta je karɓar wata a biya sannu a hankali, mai shagon ya dawo ya ce mata ya kasa ganin tarihinta. Ta manta sam da ta kulle. Ta buɗe a waya tana tsaye a gabansa, ta gama abin da ya kawo ta, ta sake rufewa. Ta ce, "Anti, don Allah kada Mama ta ji."

Yanzu Kulu ba ta buga sura sai adadin da ake buƙata. Kowacce kuma kafin ta bar hannunta sai ta ja layi biyu a kanta da biro, ta rubuta a tsakani da Larabci wurin da aka ba wa da dalilin bayarwa da kwanan wata, yadda ba za ta yi amfani a wani wurin ba. Ranar da baƙo zai koma, a mota kan hanyar filin jirgi take miƙa masa ragowar takardunsa a ambulan, ta ce ya ƙirga kayansa. Sababbin ɗalibai mata da ke zuwa gaishe ta ranar Juma'a, kafin a zuba musu shinkafa da miyar taushe sai sun ji huɗubar: kada ki tura hoton fasfonki a zauren hira na waya don wani ya ce zai nema miki gida, kada ki bar shi a shagon kwafi, kada ki ara wa ƙawa ta sayi layi. Suna ce mata Anti Sura a bayan idonta. Ta sani, kuma ba ta damu ba.

Ba kowane ofishi ne ke son layukan nata ba. Kwanan baya wani magatakarda a wani asibiti ya ɗaga takardar da yatsa biyu ya ce an ɓata ta, a kawo mai tsabta. Kulu ta ajiye jakarta a kan teburinsa, alamar ba ta da niyyar tafiya.

Ta ce, "Ya ustaz, sunan yana karantuwa?"

"Yana karantuwa."

"Lambar fa?"

"Ita ma."

"Hoton ya yi kama da matar nan da ke zaune?"

Ya leƙa ya dubi baƙuwar, wata dattijuwa daga Haɗeja da ke riƙe da ƙugu. Ya ce ya yi kama.

"To me ya rage? Rubutun nan ni da kai duka yake karewa. Gobe in aka ga takardar a wani wuri, ba wanda zai ce daga teburinka ta fita ta yi ɓarna."

Magatakardan ya juya takardar gaba da baya, ya duba layin mutanen da ke jira, ya buga hatimi. Ya ce, "Khalas, ku wuce hawa na biyu." Har sun juya sai ya kira ta ƙasa ƙasa, ya tambaye ta ainihin kalmomin da take rubutawa, domin ƙanwarsa tana neman aiki kuma ta raba kwafin katinta a ofisoshi da yawa. Kulu ta karɓi bironsa ta rubuta masa a bayan wata takarda, ta kama hannun dattijuwar suka nufi lif.